Farfesa Owuocha da Mutanensa Masu Kai Ɗaya

Allah Ya yi wa ƙasar Luwo baiwa biyu: tafki mai kifi, da Farfesa Kornel Owuocha. Kifin yakan yi ƙaranci wani lokaci, maganar Farfesa kuwa ba ta taɓa yankewa ba. Ɗalibansa na jami'a a Nairobi suna kiransa Kakakin Kakanni, shi kuma ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta masa a ƙofar ofis.

Littafinsa shafi ɗari huɗu ne, saƙonsa ɗaya. "Mu mutanenmu," in ji shi, yana gyara sandar jelar saniya da ya saya a filin jirgi, "ba mu san gardama ba. Bature yana tunani shi kaɗai, kamar maraya. Mu kuwa da kai ɗaya muke tunani tun kaka da kakanni, ni bakinsu ne kawai." Bakin ya shekara ashirin bai kwana a ƙauye ba, saboda sauro.

Ƙayar da ta tsaya masa a wuya ita ce Dakta Adongo, malama a sashensu. Ita cewa take falsafa aikin mutum ne da ya kawo hujja aka ƙalubalance shi, kuma ba a taɓa yin kabilar da ta yarda da abu ɗaya baki ɗaya ba. Da aka zo zaɓen shugaban sabuwar cibiyar nazarin tunanin Afirka, Farfesa ya yanke shawarar rufe mata baki. Ya kwashi manyan baƙi uku daga Dakar da Beljiyam a Fijo, da rakoda, da ita kanta Adongo, sai ƙauyensu a bakin tafki.

Aka ci tuwon masara da soyayyen kifi. Dattawa suka zauna a gindin mangwaro, kawun Farfesa, Ragwar, tsohon masunci, a tsakiya. Farfesa ya danna rakoda da kansa.

"Kawu, mene ne mutum?"

"Mutum igiya ce a ragar kakanni," in ji Ragwar, yana kallon sama kamar mai tuno hadda.

Farfesa ya fassara, idonsa har da ƙwalla. Baƙi suka duƙufa rubutu. Da akuya ta nufi ragowar tuwo, wata tsohuwa ta ce a kore ta, nan ma Farfesa ya fassara cewa a tunanin Luwo dabba da mutum suna tarayya a akushin rayuwa. Aka rubuta.

Sai Adongo, wadda Farfesa ya manta cewa ita ma Baluwiya ce, ta durƙusa gaban tsohon. "Baba, wannan magana ta igiya, wa ya koya maka?"

"Odundo, tsohon malamin firamare. Duk ran da aka ce Kornel zai zo, yakan tara mu ya karanta mana littafin, don kada mu ba ɗanmu kunya gaban baƙi. Karon farko da ya zo da na'urarsa mun faɗa masa abin da muke gani, ransa ya ɓaci, ya ce ba haka muke tunani ba."

Adongo ta fassara, kalma bayan kalma. Alƙaluman baƙi suka tsaya.

"To ku me kuke gani?" ta tambaya.

Kamar jira ake yi. Ragwar ya ce shi bai yarda matattu suna jin komai ba, don ya shekara goma yana tambayar mahaifinsa inda ya ɓoye ƙugiyoyi, shiru. Wani dattijo ya ce rashin amsa ba ya nuna rashin ji, matarsa ma tana jinsa sarai. Tsohuwar nan ta ce su fara faɗin me suke nufi da ji. Aka rabu gida biyu, sannan uku. Baƙo ɗan Dakar ya cire kwat ya ja kujera kusa, yana roƙon Adongo kada ta tsallake ko kalma.

Farfesa ya miƙe, gumi na bin wuyansa. "Jama'a, wannan gurɓacewa ce ta zamani! Asalin Baluwe ba ya..."

"Zauna, ɗan ƙanwata, manya na magana," in ji Ragwar.

Ya zauna. Sai da kaset ya ƙare aka tuna da shi. Da za su tafi, kawun ya rako shi har mota, ya dafa kafaɗarsa da tausayi.

"Kada ka damu, littafinka ya yi daɗi. Mutanen nan na ciki sun burge mu ƙwarai, masu haƙuri, ba ruwansu da musu. Mun daɗe muna son mu tambaye ka, a ina garinsu yake?"