Doyata a Kwamfutar Darakta

Bulus direba ya cuce ni. Shi ya laƙaba mini Oga Doya, har sunana na yanka ya ɓace a ofis.

Ni masinja ne, karatuna bai wuce firamare ba, amma ina da ido. Injiniya Hauwa ke kula da kwamfutocinmu, yarinyar da Allah ya yi wa kai. Ina tsaye ta canza hoton da ke fitowa kafin a sa lambar sirri, cikin ƙiftawar ido. Na ce a raina, ashe iyakar abin ke nan?

Ta tafi azahar ta bar kwamfutarta a buɗe. Na bi sawunta tiryan-tiryan, na ɗora hotona da ta taɓa ajiye mini: ni a gona a ƙauyen Sheda, rungume da doya kamar jariri. Ashe kwamfutarta ce uwar sauran, abin da aka ɗora mata shi duk suke ɗauka.

Washegari ga ni a kowace kwamfuta, har ta Darakta. Akwatin lambar sirri ya rufe fuskata, sai hula a sama, doya a ƙasa. Hular ce ta tona ni. Na ce a raina, shi ke nan aikina ya tafi.

Kafin shayi ya huce Hauwa ta gyara, ta ce wa Darakta laifinta ne. Ni kuwa ta raɗa mini, "Baba, wallahi ko mataki ɗaya ba ka kuskure ba."

Bulus kam tun ranar bai daina kirana Oga Doya ba. Jiya na tare shi na ce, "Kai da ko rediyon mota ba ka iya saitawa! Doyata ta hau teburin Darakta, kai har gobe a waje kake jiransa."