Sunan Ɗan Fari a Gaban Gauraka

A Dajin Kwarin Ɗorawa kowa ya san matsayinsa, wanda ya manta kuma akwai masu tuna masa. Zaki ne sarki, yana mulki daga inuwa. Kuraye ne dakarunsa, su ke tsaron talakawa, shi ya sa talakawan ba su cika yawa ba. Masu cin ciyawa kuwa aikinsu biyu ne, su yi kiwo, su yi godiya.

Haka aka zauna har ranin da ruwa ya ƙafe ko'ina sai a Tafkin Ɗorawa, inda bareyi suke sha tun kaka da kakanni. Jatau, sarkin yaƙin kuraye, ya ga bai dace ruwa irin wannan ya zauna a hannun marasa haƙori ba. Wata safiya ya sauka bakin tafkin da rundunarsa. Bareyin da suka tsira suka hau wani tsauni mai duwatsu, inda sai an yi tafiyar rabin yini kafin a sami kwatamin da za a jiƙa harshe.

Zaki bai ji labari ba, sai da Jatau ya fara kwanciya a inuwar sarki ba da izini ba. A ranar kunnen sarki ya buɗe. Ya sa aka ɗaure Jatau, aka miƙa shi ga wata kotu ta tsuntsaye da ke ƙetaren babban ruwa, wadda aka kafa don manyan da dajinsu ya kasa taɓawa. Damina tara ana shari'a. Daga ƙarshe aka same shi da laifi, aka yanke cewa duk barewar da kotu ta yarda an cuta za ta koma tafki, kuma za a sassaƙa sunan mamacinta a jikin kukar da ke bakin ruwa. Wasu suka ce ihu ne bayan hari, amma mai ƙishirwa ba ya raina ihu.

Manyan ma'aikatan kotun shamuwa ne, suna zuwa da ruwan farko, su tafi kafin kaka. Don haka suka ɗauki wata beguwa, Tasalla, 'yar gabashin dajin, ta riƙa hawa tsaunin tana ɗaukar bayanin waɗanda aka cuta. Da ƙayar jikinta take rubutu a kan ganyen gamji, kuma kowane bayani yana cinye ƙaya guda. A damina ta tara bayanta ya yi sanƙo. Ba ta damu da sanƙon ba. Abin da ke cin ranta shi ne ita ce fuskar kotu a tsaunin, ita ake tambaya yaushe, ita kuma ba ta da amsa sai “ana nan ana dubawa.”

Cikin waɗanda ta rubuta akwai Iya Kande, tsohuwar barewa mai ɗingishi. Ɗanta na fari ne ya tsaya tsakaninta da kuraye a bakin tafki har ta samu ta haye. Tasalla ba ta manta ranar da ta zauna gabanta da ganye ba.

“Iya, yaya sunan marigayin?”

Tsohuwar ta kau da kai tana kallon dutse. “Ke 'yar nan, ba ki da uwa ne? Ɗan fari fa nake gaya miki.”

“Na sani, Iya. Gurbi ne a ganyen, sai an cike shi.”

“To ki cike shi da abin da kika ga dama. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunan nan ba, sai yau da ba ya nan zan yi masa rashin kunya? Baƙo nake ce masa.”

Tasalla ta san al'adar, don ita ma haka uwarta ta rasu ba ta taɓa kiran sunan yayarta ba. Ta tambayi maƙwabta, amma waɗanda suka halarci sunan yaron duk sun kwanta a bakin tafki, saura kuwa Baƙo suka tashi suna ji. Ta ji tausayin tsohuwar, ta rubuta Baƙo, ta naɗe ganyen. A lokacin gani take alheri ta yi.

Da ruwan farko na damina ta goma, aka yi shela cewa mai shari'a Gauraka zai zo da kansa ya zauna yini ɗaya a gindin kukar, kowa ya tabbatar da bayaninsa da bakinsa. Tasalla ta tuna ganyen Iya Kande. Ta je wurin shugabar shamuwa ta yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ta roƙi a bar ta ta ƙara layi ɗaya a ganyen Iya Kande.

Shamuwa ta saurara da kyau, don sauraro na cikin aikinta. Ta ce, “Wannan al'ada ce mai ban sha'awa ƙwarai, ki rubuta mana ita a rahoton ƙarshe. Amma ganyen da aka liƙe ba a buɗe shi. Idan muka buɗe ɗaya, lauyan Jatau zai ce mun buɗe duka.”

Ranar zama dajin ya taru. Zaki ya fara jawabi. “Ya ku jama'ata, da manyan baƙinmu. Tun ranar da wannan masifa ta auku ban runtsa ba. Mulkina bai taɓa yarda a ci talaka ba tare da dalili ba, kuma ba zai yarda ba.” Kuraye suka yi tafi, bareyi ma suka yi, don kurayen na kallonsu.

Gauraka ya gyara tukkunsa ya ce, “Wannan kotu taku ce. Ba mu ƙetaro ruwa don mu yi magana ba, mun zo ne mu ji muryarku. Kowane mai bayani yana da tsawon lokacin da ganye ke ɗauka ya faɗo daga reshe.”

Aka yi ta kira, ana ta wucewa. Da aka zo kan Iya Kande, ta ɗingiso ta tsaya. Dila, lauyan Jatau, ya miƙe cikin ladabi, ya gaishe ta har ƙasa. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa Dila ɗan dajin ne, ya san inda tsagar take.

“Iya, Allah ya ƙara haƙuri. Abu ɗaya kawai. Ki faɗa wa kotu cikakken sunan ɗan naki, sunan da aka raɗa masa.”

Tsofaffin bareyi suka sunkuyar da kai, don sun san abin da aka nema. Tasalla ta miƙe ta ce, “Ranka ya daɗe, ina da bayani.” Gauraka ya dube ta da tausayi, ya tuna mata cewa ita ma'aikaciya ce, ba mai ƙara ba, ba mai kariya ba, don haka ba ta da baki a zaman. Ta koma ta zauna.

Iya Kande ta dubi tafkin. Yau shekara goma rabonta da shi, ga shi nan a bayan mai shari'a, cike taf. Ta dubi jikin kukar da aka riga aka kankare don sunaye. Ta buɗe baki ta rufe har sau biyu.

Sannan ta ce, “Haladu.” Sai ta ƙara ɗaga murya. “Haladu sunansa. Haladu ɗana.”

Wata tsohuwa a baya ta fashe da kuka. Ita kuwa Iya Kande tsayawa ta yi tana kallon ƙasa, kamar wadda aka tuɓe wa zane a kasuwa.

Dila ya bari kukan ya lafa, sannan ya ɗaga ganyen. “Ranka ya daɗe, ba ni da niyyar ƙara wa wannan baiwar Allah ciwo. Amma a rubuce ta ce Baƙo, da baki ta ce Haladu. In 'ya'ya biyu ne, ina ganyen na biyun? In ɗaya ne, wanne ne gaskiya? Kuma wace uwa ce za ta yi jinkiri har haka kafin ta tuna sunan ɗanta?”

Kowace dabba a wurin ta san amsar, har kurayen. Zaki ma ya sani, don tasa uwar ba ta taɓa kiransa da suna ba, amma a daidai lokacin wani ƙuda ya dame shi a kunne. Gauraka ya yi shawara da na damansa da na hagunsa, ya ce, “Kotu ba ta ce wannan uwa ta yi ƙarya ba. Kotu tana jinjina wa ƙarfin halinta. Sai dai bayaninta bai daidaita ba, kuma adalci ga mai laifi ma adalci ne. Ba za a sa ta cikin jerin ba. Tana da damar ɗaukaka ƙara, idan ta gabatar da kanta a mazaunin kotu kafin kaka.” Mazaunin kotun yana ƙetaren babban ruwa, kuma ba a taɓa jin barewa mai fiffike ba.

Kafin la'asar aka gama. Tsuntsu maƙwaƙwafi ya sassaƙa sunaye a jikin kuka, aka yi addu'a. Zaki ya ba da sanarwar cewa don kada abin da ya faru ya sake faruwa, ya naɗa mai tsaron tafki, wanda zai riƙa duba jerin yana barin masu suna su sha. Ƙanen Jatau aka naɗa, saboda ya san wurin sosai.

Tasalla ta raka Iya Kande hanyar tsauni. Tana so ta ce laifinta ne, ita ta rubuta Baƙo. Ta faɗa, har sau uku, tana kuka.

“Bari, 'yar nan. Kunyata kika rufa, Allah ya rufa taki.” Suka yi 'yar tafiya, tsohuwar ta tsaya ta huta da ƙafarta mai ciwo. “Amma ke da kika san aikinsu, ki gaya mini abu ɗaya. Tun ranar sunansa nake riƙe da shi a bakina, ban bari ya faɗi ba. Yau sun ce in ba su, na ba su, sun ce ba sa so. To yanzu za su maido mini da shi ne, ko yaya ake yi?”

Tasalla ta laluba bayanta don ta ciro ƙaya, saboda abin da ta saba yi ke nan in an yi mata tambaya. Ta tuna babu gurbin wannan a ganye. A sama shamuwa sun riga sun tashi, sun bar mata damin sababbin ganye a gindin kuka, don an ce a dajin yamma ma kuraye sun sauka wani tafki.

Iya Kande ta juya ta ci gaba da hawa, don rana ta yi ƙasa, kuma kwatamin da nisa.