Ranar da Aka Yanke Bayan Motar Alhaji Bawa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Mamman mai walda ya kunna wutarsa ya yanke bayan motar Alhaji Bawa a Tambuwal, ina zaune gindin itacen bedi da goyo a baya, ina ji ina gani asirina yana zubowa ƙasa.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin, muna zaune a Kebbe. Maigidana direba ne (duk garin direbobi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, don haka har wani ɗaga kai nake yi a bakin rijiya). Motar ta Alhaji Bawa ce, mai sayen fatu a Tambuwal, wata tsohuwar motar daji koriya mai rufin tamfol da wani Bature ya sayar masa da zai koma ƙasarsu. Maigidan kan zaga ƙauyuka ya kwaso fata da ƙirgi ya kai wa Alhaji, motar kuma a ƙofar gidanmu take kwana. Da ita muke ci, da ita muke sha. Ba mu da gona ko ta shuka kuɓewa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tsoro, tun da na haifi 'yata ta fari kuma abin ya zama ciwo. Ina cikin jego aka wuce ta ƙofar gidanmu da wani direban babbar mota a kan ƙyaure, motarsa ta kife da shi a kwazazzabo. Na leƙa ta zana na ga ƙafarsa tana lilo. Daga ranar, duk safiyar da maigidan ya tayar da mota sai in ga kamar shi ne a kan ƙyauren nan. In gaya masa kuwa? Wace mace mai kunya za ta dubi mijinta ta ce tana tsoron ya mutu? Sunansa ma ba na faɗa.

Sai na kai kukana wurin Inna Tumba, tsohuwar da ta yi mini wankan jego. Ta ce, "Wanga ai ƙaramin abu na. Ki samu gishiri tsunkule guda, da 'yar kanwa, ki ƙulla ga ƙyalle, ki ɓoye cikin motar. Iskokin hanya ba su son gishiri." Sau ɗaya ta ce in yi. Ba zan ɗora wa baiwar Allah laifin da ba nata ba.

Na yi kwana biyu ina nazarin motar nan ina yi kamar shara nake. Can bayanta, ƙarƙashin ƙyauren da ake saukewa a loda kaya, akwai wani dogon ƙarfe a gicciye, cikinsa fayau kamar gora, da rami a kowane gefe wanda yatsa uku za su shiga. Da ya tafi masallaci da asuba na tura ƙullina ciki, na bi shi da karan dawa. Ya tafi, ya dawo lafiya. To, magani ya ci ke nan.

Tafiya ta gaba sai zuciyata ta ce, in ƙarfinsa ya ƙare fa? Na ƙara wani. Ta gaba ma haka. Daga baya sai na yi wani tunani na masu hankali: ai ba a haɗiyar magani a bushe. Na fara bin kowane ƙulli da ruwa rabin moɗa don ya ratsa jikin motar sosai. (Kada ku tambaye ni. Ni ma na sha tambayar kaina.) Ƙyallen kuwa ragowar atamfar sunan 'yata ne, shuɗiya mai zanen fitila, da ragowar ta ƙare na shiga yankar bakin zanen kansa, ta wajen da ake sokewa ciki ba a gani.

Damina biyu ina wannan aiki. Na lura fenti ya fara kumbura kamar ƙuna. Na lura da wani jan ruwa da ke ɗiga daga ƙarfen yana ɓata ƙasa. Ba abin da ya wuce idona. Sai dai abin da na ce shi ne, alhamdu lillahi, sharrin ne ke fita.

Ranar da abin zai faru 'yata ta tashi da tari. Na hana kowa sakat sai da maigidan ya yarda ya tafi da mu asibitin Tambuwal, tunda dama zai kai kaya. Na ɗaura zanena mafi kyau, mai fitilar nan, na hau baya na zauna kan fatu. Mun kusa shiga gari motar ta faɗa wani rami, sai na ji ƙarar abu ya karye a ƙarƙashina. Gefe ɗaya na bayan motar ya zauna, ƙyauren ya ɓalle yana reto, ƙiraga suka zube kan hanya. Na ƙanƙame yarinya ina salati. Maigidan ya ɗaure abin da igiya, muka lallaɓa har rumfar Mamman mai walda, wani tsohon soja mai ido ɗaya ja saboda kallon wuta. Aka aika wa Alhaji, ya zo da babbar rigarsa, mutane suka taru kamar ana rabon nama. Ni na koma gindin bedi na rufe kai.

Mamman ya tsuguna ya ƙwanƙwasa ƙarfen da guduma. Maimakon ya yi ƙara sai ya farfashe yana zuba kamar ƙanzo. Ya tura yatsa, ya fito da shi, ya lasa. Ya tofar.

"Alhaji, wagga ba tsatsar ruwan sama ba ta. Gishiri ya ci ta, har da kanwa."

Wallahi a lokacin ban gane ba tukuna. Har cewa na yi a raina, ai kuwa gishiri na ciki, shi ya sa ba mu mutu ba.

Alhaji ya juya ya dubi maigidan a hankali. "Gishiri? Fatuna shanya su aka yi, ba su san gishiri ba. Ashe dakon kanwa kaka yi da motata in na ba da baya?"

"Alhaji, na rantse da Allah ban taɓa ɗaukar ko mudu guda ba."

"To ita ta tafi kasuwa ta saya? Ba ni makulli."

Direban da aka kora da sunan cin amana, wa zai sake ba shi mota daga Tambuwal har Jega? Na ga tukunyarmu a kife. Kuma a karo na farko wani abu ya fara haɗuwa a kaina, a hankali, kamar nono yana barci: ashe gishiri cin ƙarfe yake yi?

Mamman ya ce a dakata ya buɗe a ga iyakar ɓarnar. Ya kunna bututunsa, warin kabaid, sinadarin wutar walda, ya cika wurin, wata shuɗiyar wuta ta fito tana huci. Ya bi ƙarfen yana yanka, tartsatsi na tashi. Da guntun ya faɗi ƙasa sai ga su. Ƙulli kan ƙulli, a jiƙe, a cure, wasu sun ruɓe sun zama baƙin laka, suna ta zubowa ba su ƙarewa. Ban san na yi da yawa haka ba. Sun cika kwanon awo sun yi tozo.

Mutane suka watse baya. "A'uzu billahi! Sammu!" Wani ya ce kada kowa ya taɓa. Alhaji ya dafe ƙirji ya ce, "Ni anka yi wa wanga? Cikin motata? Daga mutumin da nika ciyarwa?" Daga ɓarawo maigidana ya koma mai sihiri, a cikin lokacin da bai kai na shan fura ba. Ya tsaya baki buɗe yana kallon tarin, fuskarsa ta yi toka.

Mamman bai gudu ba. Ya sa awartaki ya ɗauko ƙulli ɗaya daga bakin ramin, na safiyar nan, sabo ful. Ya warware shi a tafin hannu. Shuɗi, da rabin fitila a jiki. Ya dube shi, ya ɗaga jan idon nan ya dubi gindin bedi. Na ja mayafi ina son rufe zanena, mayafin bai kai ba. Bawan Allah sai ya dunƙule hannunsa. Zai rufa mini asiri. Amma a daidai nan na ga maigidan ya zaro makulli daga aljihu ya ɗora a tafin Alhaji.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ni ta."

Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako. Alhaji ya ce, "Mi kika ce, yarinya?"

"Ni na sa su, Baba. Shi bai sani ba. Gishiri na da kanwa, ba sammu ba na."

"Don mi?"

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Maza sun fi talatin, ga ubangidan mijina, ga mijin nawa. Na duƙar da kai na ce, "Tsoro nika ji kada motar ta kife da shi ya bar ni."

Sai wata tsohuwa mai fura ta ajiye ludayi ta rangaɗa guɗa. "Ayyururui! Direba, ashe kai ɗan gata na! Mu namu ko rijiya sunka faɗa sai mun gama dama fura!" Wurin ya ɓarke. Maigidan ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Mamman ya ce, "Ƙanwata, tsaya. Mi ya jiƙa su haka?"

"Ruwa nika bi da shi. Don ya ratsa."

"Kullum?"

"Kowace tafiya. Damina biyu."

Ya zauna daɓas a ƙasa. "La'ilaha illallahu. Na ga motar da ta kwana cikin gulbi, na ga wadda wuta ta ci, amma ban taɓa ganin wadda anka yi wa kunun kanwa ba. Alhaji, motarka ba lalacewa ta yi ba, jego taka yi."

Alhaji ya so ya riƙe fushinsa, gemunsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya daɗe yana kallon tarin ƙulle-ƙullen, sannan ya miƙa wa maigidan makullin ya ce, "Karɓi. Na zalunce ka, ka yafe mini. Amma Mamman, duk wani rami da yatsa ka iya shiga ga motar ga, ka toshe shi."

Kwana uku aka yi ana gyara, muna gidan gwaggon maigidan. Mamman ya yanke duk inda ya ruɓe sai da ya kai ga lafiyayyen ƙarfe, ya kankare, ya fasa tsohuwar gangar mai ya buge ta a maƙera ta miƙe, ya lanƙwasa ya liƙa, ya ɗura baƙin mai a ciki kafin ya rufe, ya shafe da jan fenti. Kwana ukun nan ban leƙa ko zaure ba, amma labarina ya riga ni zuwa garin Jabo. Tarin 'yata kuwa, da gwaggon ta kai ta, malamin asibiti ya ce mura ce kawai.

A hanyar komawa Kebbe maigidan ya sa ni a gaba, abin da bai taɓa yi ba. Na zauna ina jiran faɗa ko saki. Sai da muka hango rumbunan gari ya yi gyaran murya, idonsa na kan hanya, ya ce, "Ashe shi ya sa shekara biyu nika shan miya lami."

Tun daga ranar, in zai fita nakan tsaya bakin zaure, hannuwana a bayana, in ce da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, "Allah ya kiyaye hanya." Kunyar faɗin ta fi sauƙi, kuma ita addu'a ba ta cin ƙarfe.