Rasuwar 'Yar Ja, Sukudireba Mai Caji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta daina tafasa ba, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa zuwa aro, rasuwar sukudirebata mai caji, wadda muke kira 'Yar Ja. Ta rasu da ƙuruciyarta, ba a gidanta ba, kuma ba a hannun mai ƙaunarta ba.

Maigidana direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya fiye da gida. Kafin zuwan marigayiya, in murfin kabad ya saki sai na yi ta bin kafinta da waya har in gaji, in tokare da kujera. Ranar da ƙofar kabad ɗin kicin ta faɗo mini a ɗan yatsan ƙafa, na ɗingisa zuwa shagon kayan aiki. Mai shagon ya jera mini manya masu batir kamar bulo, na ɗaga ɗaya, wuyan hannuna ya ce a'a. Can gefe na hango ta, ja, ƙarama, mafi araha a layin. Ta zauna daidai tafin hannuna. Tana ɗaurewa, tana kwancewa, tana da 'yar fitila a hanci, kuma cajar waya ta ishe ta. Mai shagon bai ruɗe ni ba. Ya ce ta katako ce da ƙananan gyare-gyaren gida, kada a kuskura a nuna mata siminti.

Marigayiya ba ta da hayaniya. Zuuu take yi a hankali, in sukuru ya kai ƙarshe ta ce ƙar-ƙar-ƙar, ta tsaya, don ta san iyakarta. Ta ɗaure hannun tukwane, ta gyara mariƙin labule, ta haɗa teburin karatun yara, ta shiga bayan gado inda hannu ba ya kaiwa. A dalilinta na daina roƙon kowa.

Ajalinta ya zo ne ta hannun ƙanin mijina, wanda ake kira Injiniya tun ranar da ya buɗe rediyon babansu, rediyon bai ƙara magana ba. Ya zo ya ce hannun durowa kawai zai ɗaure. Na maimaita masa gargaɗin mai shago, sai ya yi dariya ya ce, "Haba matar yaya, ni za ki koya wa kayan aiki?"

Matarsa ce ta ba ni labarin sauran, don a gabanta aka yi. Talabijin ya so ya rataya a bangon siminti. Ya cusa wa marigayiya ƙusa a baki, ya danna ta da ƙirjinsa. Ta yi ƙar-ƙar-ƙar, wato ta gaji, bai saurara ba. Ta yi zafi, ya naɗe ta da tsumma ya ci gaba. Da ta tsaya cak, ya ɗauko guduma ya riƙa dukan ƙeyarta. Matar ta ce kukanta na ƙarshe wani siririn "iiii" ne, sai hayaƙi.

Bai kawo ta hannu da hannu ba. A leda na tsince ta a kan tagar kicin. Mai gyaran lantarki ya buɗe ta, ya shinshina, ya mayar ya rufe, ya miƙo mini gawar. Da na tare Injiniya a ƙofar gida, ko kunya babu, ya ce mini ai dama kayan araha ba sa ƙarko. Na kira yayansa, ya ce in yi haƙuri, ɗan uwa ne. Zan yi haƙuri. Amma sai bayan jana'iza.

Marigayiya ta bar caja ɗaya, da kawunan ɗaure sukuru shida a cikin akwatinsu, na bakwai ya karye tare da ita. Ta bar mariƙin da muka fara ɗaura wa mahaifiyata a gefen gado, don ta riƙa dafawa in za ta tashi saboda ciwon gwiwa. Gefe ɗaya muka gama. Yanzu Mama sai ta kira ni kafin ta miƙe, kuma ta tsani ta kira. Wannan kam Allah ya isa. Ta kuma bar kakarta, tsohuwar sukudireba ta hannu mai kan katako, wadda ta fito daga ritaya, kuma ita za ta jagoranci jana'iza.

Ga yadda aka tsara. Ranar Asabar da hantsi za a taru a gidana, daga nan a wuce da gawar zuwa gidan Injiniya. Matarsa ta yi alkawarin buɗe ƙofa, don ita ma injin markaɗenta a hannunsa ya cika. A sani cewa lokacin da suka tare a gidan, ni da marigayiya muka ɗaura musu kusan komai. Saboda haka duk sukurun da ta ɗaura a can gadonta ne, za a kwance a dawo da shi gida. Za a fara da kantar takalmansa, a bi da madubin da yake tsayawa gyaran gemu, da ƙafafun kujerarsa ta kallon ƙwallo. Ba za a taɓa kicin ba, ba za a taɓa ɗakin yara ba. Maƙwabta masu kayan aiki, zaman makokinku shi ne in ya zo aro ku ce masa babu.

Daga ƙarshe za a cire ƙofar banɗakin falonsa, inda yake karɓar abokai. A kanta za a ɗauko gawar a dawo da ita gida.