Ranar da Na Kori Liman a Wurin Ɗaurin Aure

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar auren ɗiyar wana a Madarumfa, ranar da ni, malamin lakol, wato makarantar boko, mai shekara arba'in da 'yan kai, na kunyata zuri'armu.

Tumbi ne ya ja mini. Ni aka zaɓa waliyyin amarya, ga babbar rigata ta ƙi zama a jikina. Saura kwana shida, na gamu da wani mutum a ƙarshen kasuwa, siriri kamar kara, da kwalabe a kan tabarma, wai maganin rage tumbi yake sayarwa. Ƙwayoyin baƙaƙe ne, kwalbar ba rubutu. Da ya miƙo mini, yatsunsa sanyi ƙalau, ga rana tana dukan ƙeya.

"Mushe," ya ce (haka ake kiran malamin lakol a wurinmu, ni kuwa ban faɗa masa aikina ba fa), "biyu safe, biyu marece. In ka ji ana kiranka, kada ka amsa. Kitsen ne ke bankwana. In ka amsa, sai ya dawo."

Ni da ke koyar da kimiyya, na gyaɗa kai.

Kwana uku, abinci ya fita raina, bakina ya bushe, zuciyata na bugu kamar ana daka. A na huɗu ina tafe bakin tabki da azahar, na ji "Mushe..." a hankali, daga cikin ruwa. Ba kwalekwale, ba masunci. Tsigar jikina ta tashi, amma (Allah Ya yafe mini) murna na yi, wai magani na ci.

Ranar aure na ƙara ƙwaya biyu don riga ta zauna. Muna zaune ƙofar gida, fuskokin mutane suka fara nisa da ni, muryoyi kamar daga rijiya. Sai na ji kiran: "Mushe." Na yi gum. "Mushe!" Na runtse ido. A na uku na miƙe na daka tsawa:

"Ka tafi! Na sallame ka, ƙaton kitse! Kada ka dawo!"

Na buɗe ido. Liman ne, dattijo mai jiki, yana tambaya ko na ba da aure.

"Ni?" ya ce, hannunsa a ƙirji.

Daga nan ban san komai ba sai a gadon likita, ana ƙara mini ruwa. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya juya kwalbar ya ce da na kai mako, da ƙodata ta tsaya. Wana ya tafi kasuwa neman mai maganin. Masu rumfunan wurin suka rantse ba wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a nan.

Sau uku na je ba Liman haƙuri. Ya yafe, amma har yau in muka haɗu sai ya tambaya, "Mushe, in tsaya ko in tafi?"

Yanzu duk maganin da ya zo da sharaɗi, sai in bar wa mai shi. Riga kuwa, tela na kai wa ya buɗa ta.