Sunan Kanar Ya Fi Gurbin Da Na Ware Masa

Ba zan taɓa mantawa da ranar iyayen yara ta bara ba, ko da yake na sha roƙon Allah in manta.

A kulob ɗinmu na kwamfuta, Malam Danladi ya sa mu gina 'yar manhajar da ke tada kwamfuta daga filashi, da harshen asembli, wanda a cikinsa na'ura ba ta gyara maka kuskure ko ɗaya. Aikina shi ne haɗa "Barka da zuwa" da sunan baƙo. Harafi-harafi ake kwashe su zuwa gurbin da ka ware a ƙwaƙwalwar na'urar. Na gwada da sunana, da na ƙawata Rifkatu, da na ƙanena, na yanka gurbi daidai su. (Ni da nake gane wanda ya sauya igiyar takalmi a aji, amma ban hango dogon suna ba.)

Malam ya ce wadda aikinta ya yi kyau ranar ita za ta je gasa Birnin Kebbi. Ban taɓa wuce Dirin Daji ba.

Babban baƙo tsohon soja ne daga Rikoto, Baba ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Na tambayi sunansa da muryar da ni kaina ban ji ba.

"Rubuta duka, ɗiyata," ya ce. "Ban tsinci ko ɗaya a hanya ba."

Kanar mai ritaya, Cif, Dakta, sarautar gargajiya, sannan sunayen yanka. Tun a Dakta na san gurbin ya ƙare. Amma wa zai ce wa Kanar a rage masa? Na danna.

Haruffan suka malala kan umarnin da ke biye, suka shafe shi. Majigi ya watsa alamomi marasa ma'ana a bango, sai baƙi. Kwamfutar ta tashi, ta mutu, ta tashi, ta mutu, ni ina tsaye ina kallon wani zare da ya zare a hular Kanar.

"Malam, ni na kashe ta?" in ji Kanar.

"Sunanka ya yi mata nauyi, ranka ya daɗe," wata tsohuwa ta amsa daga baya.

Har fasto da liman sai da suka share hawayen dariya. Baba kaɗai bai yi dariya ba. Rifkatu ce ta tafi Birnin Kebbi. Ta kawo mini tsarabar biskit, na ci ina kuka.

Abin da na koya: a garin nan, ba a auna wurin babban mutum da sunan yaran da ba su riƙe komai ba tukuna.