Rasuwar Goggo Mai Jadawali a Hannun Ƙwaƙwalwa Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai mai sara tun ranar Laraba, ni mataimakin shugabar makaranta mai kula da tsarin darasi nake sanar da malamai da ma'aikatan ofis, da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allon sanarwa yana laluben sunansa, rasuwar manhajar da ke tsara mana jadawali, wadda nake kira Goggo. Ta cika ranar Laraba da misalin tara da rabi na safe, a kan teburina, bayan jinyar kwana tara. Shekararta sha tara a hannuna, kuma da ma da tsufanta ta zo mini.

Marigayiya ta iso ne a faifai ɗaya cikin ambulan, gado daga wanda ya riƙe kujerar nan kafin ni. Ba ta da wani kyau a ido, shuɗin fage ne da farin rubutu, ba hoto ba ado. Amma ka ba ta malamai arba'in da biyu da azuzuwa sha takwas, ka gaya mata malamar kimiyya ba ta iya zuwa da sassafe saboda kai 'ya'yanta makaranta, malamin tarihi kuma ba ya hawa bene saboda gwiwa, sai ta yi "kirrr, kirrr" na minti huɗu, ta ce "tit", ta miƙo maka jadawalin da ba za ka sami mutum ɗaya a aji biyu ba. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta kuma taɓa kai ƙarata gaba ba.

Tunda a kan mamaci gaskiya ake faɗa, bari in faɗi tawa. Duk farkon zango nakan kulle ofis kwana uku, in liƙa takarda a ƙofa cewa ana aikin jadawali, kada a ƙwanƙwasa. Minti huɗun nan su ne aikin. Sauran lokacin shayi nake sha ina bin tsofaffin jaridu, sannan in fito ina dafe da ƙugu, malamai suna ta yi mini sannu. Shugaba ta sha nuna ni ga baƙi tana cewa wannan da kansa yake haɗa komai, kwamfuta bugawa kawai take yi masa. Ban taɓa gyara mata zancen ba. Ni kuwa ko malamai uku aka ba ni in raba musu yini ɗaya, sai na haɗa biyu karo. Ga shi jibi Litinin ake komawa makaranta.

Ciwon ajalinta daga abin alheri ya faro. Lokacin hutu aka sauya kwamfutocin ofis, aka kwashe tsofaffin a mota. Allah ya taimake ni na riga na kwafe Goggo a filas, ɗan abin ajiyar bayanan nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Sabuwar da aka ajiye mini siririya ce, ba ta ko tari, ba ta da ma ramin saka faifai. Da na buɗe Goggo a cikinta sai ta yi "tit-tit-tit-tit" kamar mai shaƙuwa, ta sandare. A karo na biyu ta daure ta fitar da jadawali, kuma da na karanta shi na san jikin ya yi tsanani. Malamin lissafi yana azuzuwa takwas a darasin farko na ranar Litinin. Malamin motsa jiki an kai shi ɗakin gwaje-gwaje. Ranar Alhamis an ba yara hutun tara sau huɗu.

Na kira ƙanin matata, mai gyaran kwamfuta. Ya duba, ya yi dariyar da ban ji daɗinta ba.

"Yaya, ai ruɗewa ta yi," in ji shi. "Tsohuwar kwamfutarka ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta. Wannan takwas ce a kai ɗaya. Ita Goggon taka ta saba ta ba mutum ɗaya aiki ta jira ya gama. Yanzu tana buɗe baki mutum takwas ke amsawa, kowa ya ja malamin lissafi ya yi ajinsa da shi."

Iyalan marigayiya suna shaida cewa ba a yi sakaci da jinyarta ba. Da farko ya shiga saituna ya yi mata ƙarya cewa har yanzu shekarar da aka haife ta ake ciki. Ta buɗe ido, ta duba gabas da yamma, ba ta yarda ba. Sai ya ba ta matsayin mai gida, kowace ƙofa a buɗe gare ta, ita kuwa ta yi amfani da muƙamin ta sandarar da kwamfutar gaba ɗaya. Muka rage mata launi, muka ƙanƙance mata fuska, muka kashe muka kunna har yatsana ya yi tsami. Na buga lambar da ke bayan ambulan ko wanda ya ƙera ta yana da magani. Wata mata ce ta ɗauka, ta ce ba ta san shi ba, amma in ƙwai nake so akwai.

Ranar Talata aka dace. Ƙanin matata ya buɗo wata taga mai akwatuna takwas, ya cire alama daga bakwai, ya bar Goggo da ƙwaƙwalwa ɗaya tak kamar yadda ta saba. Ta yi "kirrr", ta yi "kirrr", ta ce "tit". Wallahi sai da na yi hawaye.

"Yaya, ka dube ni da kyau," ya ce yana haɗa jakarsa. "Kada ka taɓa akwatunan nan. Ko wa ya ce ka taɓa, ka ce ni na hana."

Washegari da hantsi Shugaba ta shigo. Duk wanda ya yi aiki da ita ya san ba ta iya ganin mutum a zaune. Ta taɓa miƙa wa wani uba tsintsiya don ya daɗe a benci yana jiran ta. Tsautsayi ya sa na bar tagar da ke nuna motsin kowace ƙwaƙwalwa a buɗe, layi ɗaya yana ta tsalle, bakwai a kwance.

"Malam, waɗannan bakwai ɗin me suke yi?"

"Hutawa suke yi, ranki ya daɗe."

"A makarantata? Ɗaya yana ta fama, bakwai sun miƙe ƙafa? A raba musu aiki yanzu ina tsaye. Bugun takarda ne fa kawai, me zai lalace?"

A nan ne ya kamata in yi magana. Amma in na ce Goggo za ta ruɗe, sai in faɗi cewa ita ce ke haɗa jadawalin, in na faɗi wannan kuwa sai a tambaye ni me ni nake yi. Da hannuna na mayar da alama a akwatuna bakwai ɗin, a daidai lokacin da marigayiya take adana sunayen malamai da sharuɗɗansu na shekara sha tara. Mutum takwas suka yi rubdugu a kan shafi ɗaya. Ta ja wani dogon "tiiiiii" da ban taɓa jin irinsa daga gare ta ba, ta yi shiru. Da ƙanin matata ya zo ya duba, ya ce tun daga filas ɗin nake kunna ta, don haka abin da ya lalace shi ne kwafin da nake da shi duk duniya. Faifan asali kuwa ya daɗe da tsagewa, don a kansa nake ɗora kofin shayi.

Shugaba ta yi mini ta'aziyya a tsaye. Ta ce, "To ba komai, Malam, tunda kai ba ka mutu ba. Ka rubuto shi da hannu, in gan shi Litinin da safe."

Marigayiya ta bar firinta, abokiyar zamanta, wadda har yanzu ba a gaya mata ba, tana nan tana ƙyafta fitila tana jira. Ta bar filas ɗaya, da malamin tarihi da ban san wa zai tuna da gwiwarsa ba. Ta bar ƙwaƙwalwa takwas da ko a jikinsu. Ta bar ni, da na kwashe kwana biyu ina yanka takardu ina jera su a ƙasan ofis, na kai darasi na uku na ranar Litinin kafin wani ya kunna fanka. Matata da na gaya wa komai ba ta zo da kalmar haƙuri ba. Cewa ta yi, "Ashe shekara sha tara ina dafa maka ruwan wanka saboda gajiyar karanta jarida." Ina kewar Goggo ƙwarai, kuma ina jin tsoro.

Za a yi jana'iza yau Asabar da ƙarfe goma na safe a ɗakin malamai. Ƙanin matata zai ja gawar zuwa kwandon shara na kwamfuta, ni zan danna amincewa, tunda da ma hannuna ne. Ba a buƙatar gudummawa, sai dai kowa ya zo da fensir da abin gogewa, malamin lissafi kuma ya zo da wuri. Shugaba ta ce za ta halarta na minti biyar. A cikin minti biyar ɗin zan miƙe in gaya mata da bakina cewa ban iya jadawali ba, kuma ban taɓa iyawa ba. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su watse da an gama binnewa, su ɗan jira a baranda, don mai yiwuwa a sake buƙatar su kafin azahar.